Tayar Da Ta Ƙi Juyawa

Babana mai wankin mota ne. A ƙauyenmu, da ke gefen hanyar da ta tashi daga Anka ta nufi Bukkuyum, ba kowa ya san sunansa na yanka ba, Mai Soso ake ce masa. Wurin aikinsa yana gangaren rafi, ƙasa da gidanmu kaɗan, inda akwai tsakuwa, mota ba ta nutsewa.

A hutun makarantar da ya wuce wasu samari biyu, Lawali da Sanusi, suka yi sallama a zaurenmu. Sun haɗa gwiwa sun sayi injin fesa ruwa, za su buɗe wurin wanki a Bukkuyum. Inna ta ba ni ruwa in kai musu, shi ya sa na ji abin da aka ce.

"Baba, kwana biyu ɗai muka so mu yi wurinka," in ji Lawali. "Mu ga yadda kaka yi. Ai abin ba wuya, ruwa ne da omo."

Sanusi ya yi dariya ya ce, "Balle mu da muna da inji. Abin da kaka yi tun hantsi har la'asar, mu kahin a dama hura mun gama."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Kun taɓa ganin wanki ya ɗaure mota? Inji lahiya lau, ga mai cikin tanki, amma ta ƙi gusawa?"

"Sai dai in asiri anka yi mata," in ji Sanusi.

Baba ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Luba, hwaɗa masu."

Na ajiye kwanon ruwan, na dubi ƙasa. Ni ko a aji, idan malama ta kira sunana, sai ta matso kusa take jin amsata. Na juya na koma cikin gida. Abin da na kasa faɗa ranar shi nake rubutawa a nan. Amma sai na fara da aikin kansa, don wanda bai san aikin ba ba zai gane kuskuren ba.

Kayan aikin Baba ba su cika buhu ɗaya ba. Bokiti uku ne, kuma ba ya musanya su: baƙi na taya da ƙarƙashin mota, shuɗi na jiki, fari na gilashi da ciki. Akwai soson buhu da yake yankawa da kansa, da buroshi mai doguwar ƙota na shiga bayan taya, da wani tsohon buroshin haƙori na lungun da yatsa ba ya kaiwa. Tsummokinsa tsofaffin zannuwan Inna ne, don atamfar da ta sha wanki ba ta barin zare a gilashi. Guduma da jak da sifanar taya ba na wanki ba ne, amma ba ya rabuwa da su. Sai waigi, guntun icen da ake tokare taya da shi don kada mota ta gangara. Na Baba na ƙirya ne, ya sha hannu har yana sheƙi.

Abin da ba za ka gani a cikin kayansa ba shi ne tsintsiya. Baba ba ya share mota a bushe, ko da ƙasar takalmi ce. Sai ya jiƙa tukun, sannan ya kwashe da tsumma.

Dalilin ya girme ni. Kafin a haife ni iyayena a Dareta suke zaune. Lokacin Baba yaron mota ne, yana bin wata a-kori-kura da ke ɗauko buhunan dutsen zinare daga daji zuwa wurin niƙa. Da yamma sai ya share bayan motar da tsintsiya a ƙofar gida, ya shigo riga fari fat da ƙura, ya ɗauki ɗansa ya yi masa wasa. Yaron, Basiru, shekararsa biyu. A shekarar da yara suka yi ta mutuwa a garin, shi ma ya fara amai, ya daina tafiya, daga nan sai jijjiga, idanu su kafe a sama. Ya rasu kafin likitoci su zo su bayyana cewa gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen. Inna dama ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne. Ni a bakin kakata na ji sunan.

Tun daga nan Baba bai ƙara hawa bayan mota ba. Ya koyi wanki, suka taso suka dawo nan, inda motocin masu haƙar zinare ke wucewa kafin su shiga gari. Wankinsa ba irin na tasha ba ne. Ya haƙa rami a gefen wurin, duk ruwan wanki can yake gangarawa, don kada ya shiga rafin da Fulani ke shayar da shanu. Idan ya tashi aiki, a can zai yi wanka, ya rataye kayan aikinsa a reshe, ya sa wasu, sannan ya hawo gida. Mu yara ba ma zuwa kusa da motar da ba a wanke ba. Ni aikina yana farawa ne bayan an gama: idan an hawo da mota ƙofar gida, in goge gilashi ciki da waje da busasshen tsumma. Doka ɗaya ya ba ni, kada in taɓa komai a wurin zaman direba.

Wata rana wasu masu haƙa su uku, baƙi ne daga nesa, suka kawo mota. Da aka gama sai suka tsaya bakin ramin suna kallon laka. Babbansu ya ce a ba su ita su kai masauki su tace, wai ba za a rasa ɗan zinare a ciki ba. Baba ya tambaye shi ko akwai yara a gidan da suka sauka. Ya ce akwai. Baba ya ɗauki shebur ya fara zuba jar ƙasa a kan lakar a gabansu. Sun zage shi, sun tafi, bayan sati biyu suka sake kawo motar.

Akwai kuma direbobin da ke cewa, "Mai Soso, wanke mani inda ido ka gani kawai, sauri nika yi." Irin waɗannan sai ya nuna musu hanya. Yakan ce ƙurar da ke kashe yaro ba a bonet, murfin inji, take zama ba, a bayan taya take, inda za ta bushe ta zube a tsakar gidan mutum.

A tashar Anka ya koyi aikin, wurin wani tsoho, Malam Haruna. Ya ce wata uku ya yi bai taɓa jikin mota ba, ɗebo ruwa kawai da wankin taya. Ranar da ya yi ƙorafi, tsohon ya sa shi ya kwance tayar baya ya nuna masa abin da ke ciki. Bayan kowace tayar baya akwai wani kaskon ƙarfe, makanikai na ce masa daram. A cikinsa akwai laini guda biyu, su ne ke buɗewa su matse kaskon idan an taka birki ko an ja hambirki, wato birkin hannu. Mai wanki na gaskiya dole ya tura ruwa har can. Shi kuwa jiƙaƙƙen ƙarfe, kwana ɗaya ya ishe shi ya yi tsatsa. Idan aka ja hambirki aka bar mota haka, lainin na manne da jiƙaƙƙen kasko, sai tsatsa ta haɗe su. Ka sauke sandar hambirkin, sanda ta sauka lafiya, amma can ciki laini bai saki ba.

Shi ya sa Baba yake da al'ada biyu. Idan ya gama wanki yakan ja motar sama da ƙasa sau uku, ƙafarsa a kan birki kaɗan-kaɗan, har zafi ya busar da ciki. Idan kuma mota za ta kwana, giya ɗaya yake sa mata, ya tokare da waigi, hambirki kuwa ko kallonsa ba ya yi. Duk wannan yanzu na san shi. A lokacin da abin ya faru shekarata goma sha biyu, ina ganin yana yi, amma ban san dalili ba.

Motar ta wani direba ce, Sale Ɗan Gummi, farar a-kori-kura mai tsayi. Ya kawo ta wata Talata a tsakiyar damina, ta yi sati tana jigilar dutse, har lambarta ba ta karantuwa. An yi masa haihuwa, zai shiga motar haya ya je Gummi suna, ba ya so ya kai wa jariri wannan ƙurar. Ya miƙa wa Baba makulli ya ce, "Sai Asabar. In wata lalura ta taso, motarka ce."

Baba ya fara da hantsi, bai gama ba sai la'asar. Ya daɗe a tayoyin baya, yana tura buroshi yana watsa ruwa, har ruwan da ke fitowa ya daina zama fari. Yana gamawa hadari ya haɗo daga gabas. Ya dubi sama ya ce busarwa ba ta da amfani yau, ruwa zai sake jiƙa komai, kuma tunda ba za a ja hambirki ba, ba abin da zai faru. Ya hawo da ita ƙofar gidanmu, inda ƙasa ta ɗan gangara, ya sa giya, ya tokare da waigi, ya tafi masallaci.

Da ruwan ya tsagaita na fito da tsummana. Ina cikin motar ina goge gilashin gaba sai na hango ƙanwata Hindu, mai shekara uku, ita da yaran maƙwabta. Suna zaune a jiƙaƙƙen yashi daidai hancin motar, ta wajen gangaren, suna gina ɗaki. Can gefe kuma wasu manyansu suna jan wani abu da igiya, suna kukan mota da baki. Na duba da kyau. Waigin Baba ne.

Ban san giya na riƙe mota ba. Abin da na gani kawai, ba komai a ƙarƙashin taya, ga Hindu a gaba. Na sha ganin direbobi suna jan sandar nan ta tsakiya idan sun tsaya. Na kama ta da hannu biyu na ja. Ta yi ƙara ƙat, ƙat, ƙat, na ƙirga bakwai, har ta ƙi ƙara tafiya. Sannan na fita na karɓo waigin na mayar inda yake. Sandar kuwa na bar ta a sama, a ganina biyu sun fi ɗaya. Ban gaya wa kowa ba, don an ce kada in taɓa, na taɓa.

Laraba aka wuni ana ruwa. Alhamis ma haka. Daren Juma'a na ji Baba yana ce wa Inna gobe bayan masallaci zai tayar da motar Sale ta ɗan ɗumama. Da sassafe na ɗauki tsumma kamar zan yi goge, na shiga, na danna maɓallin na sauke sandar. Ta sauka sumul. Na ɗauka na share laifina ke nan.

Tun ranar Alhamis jikin Hindu ke da zafi. Inna ta ba ta magani, ta yi barci, da safe har ta sha koko. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina wanke-wanke sai na ji muryar Inna daga ɗaki, irin muryar da ban taɓa ji ba.

"Malam! Malam! Ta dawo! Irin ta Dareta ce!"

Na shiga na tarar da Hindu a cinyarta ta sandare, hannuwa a dunƙule, ƙafafu na bugawa, baƙin idonta ya ɓace sai fari. Baba ya shigo a guje. Ya tsaya kamar ƙiftawar ido yana kallonta, sannan ya ce, "Ɗauko ta. Anka za mu."

Babura na nan a garin, amma rafi ya kawo tun jiya, a mashigi ruwa ya kai cinyar babban mutum. Ba babur ɗin da zai ƙetare. Abin hawa ɗaya ne a ƙauyen da zai iya, shi ne motar Sale.

Inna ta shiga gaba rungume da Hindu, ko takalmi ba ta sa ba. Baba ya zare waigi, ya murɗa makulli, inji ya tashi bugu ɗaya. Ya sa giya ya saki kuloci. Motar ta yi wani nishi, ta ɗan karkace, ta tsaya. Tayar dama ta baya ta shiga juyawa a wuri ɗaya tana watsa laka har kan katangarmu.

"Ta kahe!" in ji maƙwabcinmu Malam Buba, da ya fito da shirin masallaci. "Kwana ukku tana shan ruwa, ƙasa ta hadiye ta. Jama'a, ku zo mu tura!"

Maza suka taru, wasu da fararen rigunan Juma'a, suka naɗe hannu suka kama. Aka kawo karan dawa, aka kawo duwatsu, aka cusa ƙarƙashin tayar da ke juyawa. Wani ya ɗauko fartanya yana haƙe gabanta. Baba ya taka totur, tayar ta tauna karan ta watsar, hayaƙi ya tashi. Duk wanda ya dubi motar zai rantse kafewa ta yi, don kuwa haka motar da ta kafe a laka take yi, taya ɗaya na juyawa ɗaya na tsaye.

Ni ina bakin zaure, ta gefen hagu. Na ga Baba ya sa hannu ya danna sandar hambirkin ƙasa, ya tarar a sauke take. Malam Buba ya leƙa ta taga ya ce, "Mai Soso, ko dai birki ya kama?"

Baba ya ce, "Ba a ja ba. Ni ban jan hambirki bayan wanki, kowa ya sani. Ku dai tura!"

Na ji wannan da kunnena. Tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Na yi shiru.

Aka ci gaba da haƙa. Aka ƙaro mutane. Wani ya ce a sauke iskar taya, wani ya ce a nemo shanun huɗa su ja. Ta cikin gilashin da ni na goge ina ganin Inna ta sunkuya, leɓenta na motsi. Jijjigar ta lafa, Hindu ta yi laushi kamar tsumma, kanta ya rataya a hannun Inna. Inuwar katanga da ke kan bonet lokacin da aka fara ta janye gaba ɗaya. Daga nesa aka fara kiran salla na farko, ba wanda ya motsa.

Idona na kan tayar hagu. Bakin iskarta yana ƙasa, yana kallon wani ɗan farin dutse. Da maza suka haɗa ƙarfi suka yi kabbara suka tura, motar ta gusa kamar taƙi ɗaya. Bakin iskar bai motsa ba, yana nan ƙasa inda yake. A bayan tayar kuma babu zanen taya a laka, sai wani santsi mai faɗi, kamar an ja turmi. Ba kafewa ta yi ba. Tayar ce ba ta juyawa sam, kuma ni kaɗai a wurin na san an taɓa wani abu a motar nan.

Sai Inna ta sake ƙwala kira, "Malam, ta sake!"

Ban san yadda na ratsa mazan nan ba, sun fi goma sha biyar, laka har gwiwa. Na isa taga na ja hannun rigar Baba. Bai dube ni ba, ya ce, "Ke, gusa!" Na faɗa, amma inji ya danne muryata. Na sake jan rigar. Ya juyo idanunsa jajur.

"Ni na ja shi, Baba."

"Mi kinka ce?"

"Hambirkin. Ran Talata na ja shi, yara sun ɗauke waigi. Yau da sahe na sauke. Tayar hagu ba ta juyawa."

Ya kashe inji. Wurin ya yi tsit, sai numfashin mutane da ƙarar haƙoran Hindu. Ban ɗaga kai ba, ina jiran mari. Bai zo ba.

"Guduma," in ji Baba. "Jak. Sihwana. Buba, ku ciro mani ƙyauren zaure."

Suka ɗaga ƙyauren daga maƙalinsa suka shimfiɗa a laka, don jak ya sami abin takawa. Malam Buba ya mayar da waigi a tayar gaba. Baba ya durƙusa ya sassauta notuna, yana taka sifana da ƙafa, motar ta ɗaga, tayar ta fito. Kaskon ya yi ja wur kamar an barbaɗa masa garin barkono. Ya kama shi da hannu biyu ya murɗa, ko motsi. Ya ɗauki guduma ya fara bugun fuskarsa, tsakanin ƙusoshin, yana zagayawa. Ba da hauka yake bugu ba, don kasko na tsagewa. Ɗaya. Biyu. Gudumar ba ta kuskure ba. A bugu na shida wani abu ya ce ƙas a ciki, jan gari ya zubo kan ƙyauren. Ya sa tafin hannu ya tura, kaskon ya juya yana kuka.

Daga maganata zuwa mayar da taya bai kai lokacin dafa shayi ba. Haƙa da turin da aka yi kafin nan sun fi rabin awa.

Ya tayar, maza suka ɗan tura, motar ta fita daga ramin da tayar dama ta haƙa. Na bi bakin iskar da ido, ya hau sama, ya sauko, ya sake hawa. Daga tudun gidanmu ana hango mashigi. Muka ga ruwa ya kai ƙasan ƙofa, motar ta yi kamar za ta tsaya a tsakiya, sannan ta haye. Da ta hau wancan gefen jajayen fitilunta na baya suka kunnu, suka daɗe a kunne tana tafiya. Ko a wannan halin, Baba na busar da birki.

Kwana tara suka yi a asibiti. An ɗebi jinin Hindu an auna, ba dalma ba ce, zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai. Ta dawo da ranta, ta gane kowa, tana magana. Amma ƙafarta ta hagu ba ta koma daidai ba, tana ɗan ja. Daga kakata na ji cewa Inna ta tambayi likita ko da an zo da wuri da hakan bai faru ba, ya ce ba wanda zai iya sani sai Allah.

Washegarin dawowarsu Baba ya kira ni gangaren rafi. Ya kwance tayar wata mota da ya riga ya wanke, ya cire kaskon, ya nuna mini laini, ya sa na taɓa. Ya sa aka ja sandar ina kallo, na ga yadda suke buɗewa. Ya yi mini bayanin da Malam Haruna ya yi masa, tun daga farko har ƙarshe. Da ya gama ya goge hannunsa ya ce, "Na hana ki taɓawa, ban hwaɗa maki dalili ba. Kuma ni na bar ta jiƙe. Wanga nawa ne. Jan da kinka yi, don ƙanwarki kinka yi shi. Amma shirun da kinka yi sa'ad da Buba yat tambaya, wannan naki ne."

Bai ƙara tayar da maganar ba, sai ranar da samarin nan suka zo. A satin da suka dawo daga asibiti ya huda waigin ya sa masa sarƙa da ƙugiya, wadda ake maƙalawa a jikin taya.

Lawali da Sanusi sun ce kwana biyu, sati uku suka yi. Baba ya hana su kunna injinsu, ya ba su baƙin bokiti da buroshi mai doguwar ƙota. A rana ta huɗu aka gama wata ƙaramar mota da za ta kwana, Baba ya ce Sanusi ya hawo da ita ƙofar gida, shi da Lawali suna biye a ƙafa. Ina zaure ina yi wa Hindu kitso, yanzu shekararta bakwai. Na ji motar ta tsaya, inji ya mutu. Sai na ji ƙat, ƙat, ƙat.

"Sauke shi!"

Muryata ce, sai da kajin maƙwabta suka watse. Sanusi ya saki sandar kamar ya taɓa garwashi, ya leƙo ta taga baki buɗe.

"Ikon Allah," ya ce. "Baba, ashe ɗiyar taka na da murya?"

"Ka sauke ko ba ka sauke ba?" in ji Baba.

"Na sauke."

"Ka busar?"

Sanusi ya sosa ƙeya.

"To, koma ƙasa. Sau ukku, ƙahwa bisa birki."

Da ya dawo ya sa giya ya kashe, Hindu ta zame daga gabana, kitso rabi, ta je ta jawo waigin ta sarƙarsa. Aikinta ne yanzu, ba ta yarda kowa ya yi mata. Ta cusa shi gaban taya, ta maƙala ƙugiya, ta buga shi da tafin hannu sau biyu kamar yadda Baba ke yi. Lawali yana tsaye yana kallon yashin da ta ratso, sawu ɗaya, ja ɗaya, sawu ɗaya, ja ɗaya. Ya dubi yashin, ya dubi tayar, sannan ya dube ni. Ya sunkuya ya girgiza waigin ya tabbatar ya zauna.